Inda Barsu Yake Tsayawa

Shekara 12 muka yi da kare a gidanmu na Damagaram, daga 2011 zuwa 2023. Na san wani zai karanta wannan ya yamutsa fuska, don a wajenmu kare ba abin da dattijo zai zauna ya yi rubutu a kansa ba ne. Sunansa ma zagi ne. In aka ce wa mutum kare sai an shiga tsakani, in kuwa aka ce ɗan kare to an haɗa da iyaye. Doki yana da kirari, kyanwa ana barin ta ta yi barci a tabarmar malam, shi kuwa kare rabonsa jifa. Duk da haka zan ba da labarin namu, domin ba don shi ba, akwai abubuwa da yawa game da marigayiya uwargidana waɗanda jikokina ba za su taɓa ji daga bakina ba.

Ni malamin dabbobi ne. Shekara 35 na yi a ma'aikatar kiwo ina bin makiyaya da allura, daga Damargu zuwa Gure, rijiya bayan rijiya. Na aje aiki a 2011, shekarar da aka yi shelar cewa cutar bushiya, wadda muka ƙare ƙuruciyarmu muna yi wa shanu rigakafinta, ta ɓace daga duniya baki ɗaya. Kwana kaɗan da dawowata gida, sai ga wani Buzu makiyayi da muka san juna tun farin 1984, lokacin da garkensa ya koma abin da ake ƙirgawa da yatsun hannu ɗaya. Ya ji na bar aiki, ya zo mu yi sallama. Da muka sha shayi na uku, ya sa hannu cikin rigarsa ya fito da ɗan kwikwiyo ya aje a gabana.

Wanda bai san Buzaye ba zai ɗauka raini ne. Irin wannan kare su oska suke kiransa, Turawa kuma suka laƙaba masa sunan ƙasar Azawak da ke tsakanin Nijar da Mali. Ba a kai shi kasuwa. Kyauta ake yi da shi, ga wanda aka ga ya isa. Dogayen ƙafafu gare shi kamar na barewa, ciki a ɗame, haƙarƙari a waje ko da ya ƙoshi, ga gudun da ke cim ma zomo a fili. Mayar da kyautar daidai yake da mayar da zumuncin shekara 27. Na karɓa na yi godiya, ina tunanin abin da zan faɗa a cikin gida.

Hajiya ta dube shi, ta dube ni, ta ce, "Malam, abokan aikinka da raguna suka dawo, kai da ƙashi da fata?" Kafin in sami amsa ta riga ta samo wani tsohon kasko ta zuba masa madara. Ita mutuniyar Mirriya ce, ƴar masu garka, ta tashi tana ganin karnuka suna korar awaki daga shuka, abin bai zo mata baƙo ba.

Unguwa ce ta ɗauka da zafi. Yayata, wadda ta riƙe ni bayan rasuwar mahaifiyarmu, ta rantse ba za ta sake shan ruwan randarmu ba. Wani maƙwabci ya ce boko ne ya yi mini yawa. Mata a gidajen suna suka mai da Hajiya abin hira. Babban jikana, wanda nake kira Magaji, ɗan shekara 5 a lokacin, ya dage sai an sa wa kwikwiyon Bobi. Hajiya ta ce a'a. Mutanen karkara sun saba sa wa kare sunan habaici, yadda in an ƙwala masa kira saƙo zai isa inda aka aike shi. Ta ce sunansa Barsu. Kullum da safe sai ta tsaya a tsakar gida ta ɗaga murya, "Barsu! Barsu!", katanga kuwa ba ta hana magana tsallakawa.

Ni dai na sami limaminmu bayan sallar isha'i. Allah ya jiƙansa, mutum ne da ba ya gaggawar haramtawa. Ya ce a mazhabar Malikiyya, wadda a kanta muka tashi, duk mai rai tsarkakke ne har da kare, wanke ƙwarya sau bakwai in ya sa baki a ciki kuwa bin umarni ne. Ya ce an yi rangwame a kan karen farauta da na kiwo da na gona, an kuma yi gargaɗi a kan aje shi haka kawai ko shigar da shi ɗaki. Har ya ba ni labarin da masu sharhin Risala ke kawowa, cewa mai littafin ya aje kare don tsaro da katangar gidansa ta faɗi, da aka tuna masa Imamu Malik ba ya son haka, sai ya nuna cewa da Malik ya riski zamaninsu, zaki ma zai aje. Ba fatawa nake bayarwa ba, abin da aka gaya mini nake faɗa. Ina da tumaki 6 a bayan gida da garka a Mirriya, don haka na fito da natsuwa. Muka kafa doka: Barsu ba ya shiga ɗaki, ba ya taka zauren da ake salla, kaskonsa daban, makwancinsa wajen tumaki, allurar rigakafin hauka kowace shekara da hannuna. Har ya mutu bai karya doka ba, in ban da daren da aradu ta faɗi kusa ya shige ƙarƙashin gadon Hajiya, aka yi ta lallashi.

Garkar gadon Hajiya ce daga mahaifinta. Mirriya kilomita 18 ce gabas da Damagaram, amma wanda ya fito daga birninmu sai ya ga kamar wata ƙasa ya shiga. Mu duwatsu ne suka kewaye mu, ruwa kuwa tun kakanni wahalarsa muke sha. Yana ma cikin dalilan da ake kawowa na ɗauke babban birnin ƙasa daga nan zuwa Yamai a 1926. Yaranmu sun buɗe ido da layin jarkoki a bakin famfo da ƴan garuwa suna haki. A fadamar Mirriya kuwa guga ba ya nisa. Ga rake, ga gwaiba, ga rogo, ga manyan kukoki da suka girmi kowa a garin.

Lahadi ranar kasuwar Mirriya ce, kuma babu lakwal. Ina da tsohuwar Peugeot 504 a-kori-kura wadda ba ta tashi sai an tura. Hajiya a gaba, jikoki a baya kan tabarma tare da ɗan ƙanina da ke riƙe su, Barsu a tsaye ya ɗora ƙafafun gaba a kan ƙarfe, ƴan kabu-kabu na wuce mu suna dariya. In mun isa aka sauke shi, sai ya yi wani gudu guda, ya kewaye filin gaban garkar sau biyu kamar ƙafafunsa ba sa taɓa ƙasa, yara na tsalle da ihu. Daga nan ya gama da su. Irin wannan kare ba ya shisshigi, mutum ɗaya yake zaɓa. Zai koma bayan Hajiya, ba ya rabuwa da ita sai mun tashi. Ni mai allura ne, gaisuwa ce kawai tsakaninmu.

Hajiya ba ta shiga garka kai tsaye. Akwai wata tsamiya a bakin shinge, nan take tsayawa ta tuɓe takalmi ta aje a gindinta. Maimakon ta bi hanyar da kowa ke bi, sai ta karkata hagu zuwa wata tsohuwar rijiya da aka cike da ƙasa tun kafin aurenmu, ta yi tsaye jim, bakinta na motsi. Sannan ta bi gefen darni na kudu, ta kira wata tsohuwa maƙwabciya, ta miƙa mata ƙunshin goro da sukari ta sama. Sai ta gama waɗannan take zama. Shekara 4 Barsu yana binta a haka, in ta tsaya ya tsaya, in ta motsa ya motsa. Yaran ba su lura ba, hankalinsu na kan rake da ƙadangaru.

Ta rasu a damanar 2015, bayan jinyar da ba ta kai wata guda ba. Shekararmu 40 da aure. Ba zan ja magana a nan ba. Barsu ya kwanta a ƙofar madafa kwana 3 bai ci ba, ana ta shige da ficen masu gaisuwa bai yi haushi ko sau ɗaya ba.

Mai karatu ya san yadda muke. Namiji ba ya kiran sunan uwargidansa, balle ya ce yana kewarta. A yi zaman makoki, a yi sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in, sannan a naɗe tabarmi. Ƴaƴana ba za su tambaye ni yadda uwarsu take da ƙuruciya ba, kunya ba za ta bar su ba, ni ma ba za ta bar ni in fara ba. Ina cikin masu ganin darajar wannan kara, amma ita ce ke sa jika ya girma bai san komai game da kakarsa ba sai hoton da ke bango.

Na yi kusan shekara ban je Mirriya ba, motar ta zauna har tayoyinta suka sace. Wadda ta tayar da ni jikata ta biyu ce, ƴar shekara 7. Amarya nake kiranta, tana kirana Ango, yadda aka saba wasa tsakanin kaka da jika. Wata Asabar ta tsaya a kaina ta riƙe ƙugu ta ce, "Ango, in gobe ba ka kai mu garka ba, ka ba ni takardata." Tsakanin kaka da jika babu waccan kunyar, shi ya sa jika ke faɗa wa tsoho abin da ɗansa ba zai iya ba. Na aika a kira bakanike.

Da muka isa aka sauke Barsu, bai yi gudun nan nasa ba. Ya miƙe zuwa gindin tsamiya ya tsaya, ya juyo yana kallon gaban motar. Muka shige garka, ya ƙi biyo mu. Na kira, ya ƙi. Ƙanin Amarya, ɗan shekara 3 da muke kira Auta, ya ja rigata ya ce, "Kaka, me yake jira?" Da ɗana ne ya tambaya, da na ce ba komai. Sai na ce, "Innarku yake jira ta cire takalmi." Suka ce don me take cirewa? Sai na ji ina ba su labarin surukina, wanda ya kafa garkar da hannunsa, wanda bai yarda kowa ya taka fangalinsa da takalmi ba ko da baƙo ne daga fada. Na gaya musu ranar da na fara zuwa neman aure, ina ɗan ma'aikaci da takalmi sau-ciki mai sheƙi, ya sa na tuɓe na bi shi cikin taɓo har wandona ya lalace, ita kuwa tana bayan rake tana dariya. Amarya ta zauna ta cire silifanta ta aje a gindin tsamiya. Da ganin haka Barsu ya motsa, ya karkata hagu, ya tsaya a bakin tsohuwar rijiya.

Wannan ban faɗa a ranar ba. Na ce musu wuri ne da Inna ke addu'a, mu ma mu yi, muka yi. Sai bayan shekara 2, da Magaji ya kai 12 ya fara tambaya irin ta masu hankali, na gaya musu. Hajiya tana da ƙane. Tana ƴar shekara 9 uwarsu ta tafi kasuwa ta bar mata shi, bai fi shekara 3 ba. Ta juya ta kori awaki daga shuka, ta dawo ba ta gan shi ba. A ranar mahaifinsu ya cike rijiyar. Ba wanda ya ɗora mata laifi, ita ta ɗora wa kanta, ta yi kusan shekara 50 tana ɗauke da shi. Sau ɗaya tak ta taɓa gaya mini, ana gobe sunan ɗanmu na fari, lokacin da ta roƙe ni a sa masa sunan yaron.

Wannan ɗan namu shi ne uban su Magaji. Shekararsa 41 yana amsa sunan da yake zaton liman ne ya zaɓa, a bakin ƴarsa ya ji asalinsa. Da dare ya same ni a zaure, ya zauna nesa kaɗan yadda ya saba, ya daɗe yana juya makullin babur a hannu, sannan ya ce, "Baba, ashe ina da kawu?" Na ce kana da shi. Ya ce, "Shi ya sa ba ta taɓa bari na leƙa rijiya ba, har na yi gemu." Muka zauna har dare ya raba, yana tambaya ina ba shi amsa. Tun da aka haife shi ba mu taɓa hira mai tsawon wannan ba. Lahadin da ta biyo da shi aka je.

Tsayawa ta uku ba ta da nauyi haka. Tsohuwar bayan darni ita ta shayar da Hajiya lokacin da uwarta ta kwanta ciwo, ke nan uwa ce. Karen ta fara ganewa kafin ta gane mu. Amarya ta karɓi aikin miƙa goro, tana ɗage ƙafa don ta kai, har tsohuwar ta rasu a 2019. A bakinta suka ji abin da ni ma ban sani ba, wai Innarsu ta fi duk samarin unguwa iya hawan kanya, kuma sau biyu tana faɗowa.

A ƙarshen 2016 aka yi wa Auta ƙanwa, aka mayar mata da sunan marigayiya, don haka Ummi muke kiranta. Shi kuwa sunan Auta ya riga ya bi shi. Da aka rufe lakwal saboda korona a watan Maris na 2020, muka riƙa zuwa garka sau biyu har uku a sati, muna kauce wa kasuwa. Lokacin ne Ummi ta fara bin Barsu da ƙafarta, abin da ya yi shi take yi. Wata rana na hango ta a bakin rijiya ta harɗe hannu a baya, tana motsa baki ba ta san me ake faɗa ba, shi yana tsaye gefenta, tsayinsu kusan ɗaya. Na juya na shiga cikin rake na daɗe ban fito ba.

Ba Mirriya kaɗai muke zuwa ba. Da sanyi mukan hau duwatsun bayan gari da la'asar, in nuna musu Birni da Zango daga sama, in ba su labarin Sarki Tanimun da ganuwarsa. Sau ɗaya mun kai Gidimuni a kan hanyar Gure, inda jarumin da ke korar zomo ya ga tafki ya ƙi sauka daga mota, aka yi shekara ana yi masa tsiya. Hawan salla a ƙofar fada kuwa ba da shi ake zuwa ba, saboda dawakai da yara masu tsakuwa a aljihu. Tasa sallar a gida yake yi, kwana uku yana fama da ƙashin layya. An ce da kare ana biki a gidansu ya ce ya gani a ƙasa; namu yana gani.

Sau ɗaya aka kusa raba mu da shi. A 2021 wani mahaukacin kare da ba a san mai shi ba ya ciji yara biyu a unguwar da ke kusa da tamu. Tsoron da mutane suka ji na gaskiya ne. Na taɓa ganin mutumin da ciwon haukan kare ya kama a wani ƙauye a Damargu, ga ƙishirwa ga tsoron ruwa, ba na fatan in sake gani. In alamun ciwon suka bayyana sai dai addu'a. Kafin su bayyana ne ake da abin yi: a wanke wurin cizon da sabulu da ruwa mai yawa na minti 15, a garzaya likita a fara allurai a ranar, ban da tsayawa jiƙe-jiƙe da shafe-shafe. Yaran an kai su da wuri, sun tsira. Amma aka shiga jefa nama mai guba a lunguna da dare, ba a tambayar kare mai gida ne ko na juji. Karnukan mahauta biyu suka mutu, har da kyanwoyi. Aka kira taro a ƙofar mai unguwa, wasu suka ce a gama da duk wanda ya rage.

Na je da katin rigakafin Barsu, hatimi 10 a jere. Na yi bayani cewa allura ce ke tsayar da cutar, kuma in aka yi wa karnuka 7 cikin 10 rigakafi ba ta samun hanyar yaɗuwa. Aka saurara, ba a gamsu ba. Wani ya ce takarda ba ta hana haƙori. Ana cikin haka sai ga ɗan aike daga Yayata, mai shekara 80, wadda har lokacin da kofinta da ruwanta take zuwa gidana. Saƙon gajere ne: a gaya wa mai unguwa karen nan amanar marigayiya ne, duk mai son taɓa shi ya fara biyowa ta wajenta. Mai unguwa kuwa ɗan ƙawarta ne, ta goya shi. Aka tashi a kan in tsare shi a gida wata guda. Da na je godiya ta ce, "Kada ka ɗauka na fara son sa. Ƙazami ne." Ta miƙo mini ƙasusuwa a ƙulle cikin leda.

Daga nan tsufa ya zo masa. Baki ya yi furfura, idanu suka yi yana, gudun ya koma sassarfa, Magaji ne ke ɗaukarsa ya sa a mota. A 2022 aka mayar da ɗana Yamai da aiki, kusan kilomita 900, ya tafi da iyalinsa. Gida ya koma ni da ɗan ƙanina da matarsa da tumaki da tsohon kare. In la'asar ta yi, ni a kujera shi a ƙasa, muna jiran hutun damana.

Hutun 2023 suka zo cikin wani hali. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli an rufe iyakoki, Najeriya ta yanke wutar da take ba mu, muka koma kwana a tsakar gida da sauro. Yaran da suka saba da waya suka rasa caji, sai hira. Lahadin ƙarshe kafin su koma muka je Mirriya. Barsu ba ya gani sosai a lokacin. Aka sauke shi a hankali, ya shaƙi iska, ya taka zuwa tsamiya. Daga nan hagu. Daga nan darni, inda babu mai karɓar goro. Tafiyar da ba ta fi minti 5 ba ta ɗauke shi kusan rabin awa, yara huɗu suna biye da shi ba takalmi, ba mai cewa ya yi sauri.

Ya mutu cikin Oktoba, da dare. Da asuba na ga tumaki sun taru a kusurwa ɗaya, na gane. A garinmu mushen kare igiya ake ɗaura masa a ja zuwa juji. Na naɗe shi a tsohon buhu na sa a mota, ni da mai kula da garka muka haƙa rami a bayan shinge, nesa da rijiyar ban ruwa, muka rufe. Sai da muka gama ya ce, "Alhaji, yana da hankali." Ban sa ran fiye da haka ba, ba a yi wa mutum gaisuwar kare. Da la'asar Yayata ta sa aka kawo ta, ta zauna a tsakar gida ta yi ta zancen tsadar shinkafa har magariba, ba ta ambaci abin da ya kawo ta ba. Ta nemi ruwa. Na duba na ga ba ta zo da kofinta ba. Ko don kare ya tafi ne ko don wani abu daban, ban tambaya ba.

Na kira Yamai da dare. Magaji ya yi shiru ya miƙa wayar. Amarya, mai shekara 14, ta manta da wasan Ango, ta ce, "Kaka, a ina kuka sa shi?" Na gaya mata. Ummi ba ta yarda ta karɓi wayar ba.

A 2024 ruwa ya yi yawa, har tsohon masallacin Birni ya rushe a farkon Satumba, aka ɗage komawa lakwal zuwa ƙarshen Oktoba, saboda haka sun daɗe a wajena. Mun je garka sau 6, Ummi ce a gaba. Sun ƙara tsayawa ɗaya a bayan shinge. Ban hana ba, ban kuma tsaya tare da su ba. Nakan wuce in duba rake.

Cikin wannan hutun ne ɗan Buzun nan ya biyo da saƙon mahaifinsa, wanda ciwon ƙafa ya hana tafiya: karyarsu ta haihu, jinin su Barsu ce, in ina so a aje mini ɗaya. Na yi lissafi a gabansa. Shekarata 73, kare yana kai 12, motar ta fi ni gajiya, yara suna Yamai wata tara a shekara. Kuma sabon ba zai san tsamiya ba. Ummi, da ke laɓe bayan ƙyaure, ta leƙo ta ce ita za ta koya masa. Na ce wa yaron ya gaida mini tsohon, ya ce masa sai bayan girbi in an ga yadda hanya take. Ya ce to, amma an ce ya gaya mini ja ne mai farar ƙafa, kuma tsohon ya riga ya hana wani mutumin Tanut.